Kyautar Akwati Ba Mabuɗi

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a harkar gidajen rediyon karkara. Ƙungiyar agaji za ta zo da sabuwar kwamfuta a cikin kwalinta, a tara magajin gari da masu unguwanni, a yi jawabai, a ɗauki hoto, a rubuta cikin rahoto cewa an zamanantar da tashar. Bayan baƙi sun kama hanya, ma'aikacin da ke kula da na'urori ya zauna zai haɗa sabuwar da kayan da ta tarar, sai ya iske ba sa jin maganar juna. Manhajar da ya saba tace sauti da ita ta ƙi buɗewa. Wayar da ke haɗa kwamfuta da sauran na'urori ta rasa ramin shiga. Fayafayan da aka naɗi muryoyin dattawa a kansu shekaru ashirin da suka wuce suna nan cikin kwali, babu abin da zai karanta su. In ya kai kuka, amsar ɗaya ce: kayan sun tsufa, zamani ya wuce su, a rubuta takardar roƙon sababbi.

Wannan amsa ce ya kamata a tuhuma. Na'urar da ta yi aiki jiya da la'asar ba ta tsufa yau da hantsi don kawai an ajiye wata kusa da ita. Abin da ya auku shi ne wani kamfani a wata nahiya ya sauya harshen da injinansa ke magana da shi, ya kuma ƙi barin ƙamus. Duk wanda ya karɓi irin wannan kyauta, akwati ya karɓa mabuɗinsa na aljihun wani. Saboda haka jituwar tsohon kaya da sabo sharaɗi ne da ya wajaba a gindaya kafin a sa hannu a takardar karɓa. Mutanen da suka fi kowa gane wannan a duniya kuwa su ne ƴan rediyon sha'awa, waɗanda masu tsara ayyukan raya karkara ba su cika waiwayarsu ba.

Abin da ke cikin hatsari

A shekarar 2011 aka cire Dungas daga Magarya, aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta da ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, ga makiyaya, ga iyaka da jihar Jigawa, inda kasuwar dabbobi ta Maigatari ke jan fatake kowace Alhamis. A irin wannan ƙasa, rediyo ne ke faɗin ranar rigakafin yara, shi ke cigiyar sa ko raƙumin da ya ɓace, shi ke sanar da rasuwa da ranar addu'a, shi ke jan kunnen manomi kada ya yi gaggawar shuka da ruwan farko. Matar da ke daka a tsakar gida ba ta bukatar iya karatu ko kuɗin kati kafin ta saurara. Tashar da ta yi shiru mako guda saboda kwamfuta ta ƙi manhaja, asararta a gona da asibiti da kasuwa ake lissafa ta, ko da ba wanda ya rubuta lissafin.

Inda ake samun saɓanin

Ba sihiri a cikin lamarin, kuma kyautuwa ya yi mai karatu ya san inda katangun suke. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wato babban tsarin da sauran manhajoji ke hawa kansa, kamar Windows ko Linux. Yawancin tashoshin da aka buɗe a farkon shekarun 2000 sun tashi ne a zamanin Windows 98 da Windows XP, wadda ta fito a 2001. Kamfanin Microsoft ya daina kula da XP a watan Afirilun 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe wa'adin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 da ta fito a 2021 ta zo da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau.

Katanga ta farko a jikin manhajar take. Tsofaffin manhajojin da aka rubuta don DOS da Windows na farko a kan tsari mai bit 16 aka gina su. Windows mai bit 64 ba ta gudanar da su sam, kuma Windows 11 da bit 64 kaɗai ake fitar da ita. Katanga ta biyu ita ce ta tafinta, wato ƴar ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin kwamfuta da wata na'ura, kamar katin sauti ko rakoda. Sabuwar Windows ba ta karɓar tafintan da ba shi da hatimin amincewa, kuma kamfanin da ya mutu ko ya daina ƙera wannan kaya ba zai tashi ya buga sabon hatimi ba. Katanga ta uku ita ce ramin kansa. Na'urorin rediyo da yawa ta wata waya mai tsinke tara ake saita su, ramin da masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka suka daɗe da cirewa. Akan sayi ƴar mahaɗa mai shiga ramin USB, amma ita ma tafinta take bukata, kuma an san yadda sababbin tafintocin kamfanin Prolific suka daina karɓar tsofaffin samfuransa da jabun da suka cika kasuwa. Wasu tsofaffin manhajojin saita rediyon oba-oba na Motorola ma sai a kwamfuta mai nawa suke aiki daidai, saurin sabuwa rikita su yake yi.

Katanga ta huɗu ta kuɗi ce, ita ce kuma mafi tsayi. Masu shirye-shirye da yawa a Afirka da manhajar Cool Edit suka koyi tace sauti. A 2003 kamfanin Adobe ya saye ta ya sauya mata suna zuwa Audition, daga 2013 kuma ya daina sayar da sabbin fitowarta, sai haya wata-wata. Haya tana bukatar katin banki da intanet mai ɗorewa. Tashar da ke rayuwa da kuɗin gaishe-gaishe da sanarwar suna da biki ba ta da ko ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne kwafin sata, wanda ke zuwa da ƙwayoyin cutar kwamfuta a cikin ɗan makullin USB, sai maganin ya zama wata sabuwar cuta.

Darasin da aka riga aka biya kuɗinsa

Nijar ta taɓa cin wannan tuwo. A 1999 aka buɗe rediyon karkara na Bankilare a jihar Tilaberi, wanda ya zama zakaran gwajin dafi ga tashoshin da daga baya suka haura ɗari. Tsarin ya burge duniya: ƙaramar na'urar watsa shiri mai aiki da hasken rana, rediyon hannu da ake wanawa ba sai da batir ba, da akwatin kama shirye-shiryen tauraron ɗan'adam na kamfanin WorldSpace. Ta wannan akwati shirin RANET, wanda cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD da ke Yamai ke cikin jagororinsa, yake aiko da hasashen damina kai tsaye cikin kwamfutar tasha, mai gabatarwa ya fassara wa manoma da harshensu. Niyyar mai kyau ce, aikin kuma ya yi amfani. Amma tauraron da akwatin da manhajar duk mallakar kamfani ɗaya ne. A watan Oktoban 2008 WorldSpace ya shiga kotun fatarar kuɗi a Amurka, ba da jimawa ba hidimarsa ta tsaya. Akwatunan ba su lalace ba, sun dai zama kurame, domin ba wani mai watsa shiri da ke magana da harshensu. Eriya da na'urar FM kuwa ba su dogara da rayuwar kowane kamfani ba, saboda ƙa'idar FM a fili take, kowane maƙeri na iya ƙera abin da zai kama ta. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin mamaki shi ne yadda bayan wannan darasi aka ci gaba da karɓar kaya ba tare da tambayar wa ke riƙe da mabuɗinsu ba.

Asarar da ta fi ta shiru zafi ita ce ta ajiya. Daga 1962 ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo ta Nijar ta riƙa tura masu rakoda ƙauyuka su naɗo muhawarar talakawa a watsa ta a rediyon ƙasa. Rediyoyin karkara sun gaji wannan aiki: tarihin kafuwar gari daga bakin dattijo, waƙoƙin daka da na gayya, kirarin ƴan kokawa, wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Kaset, duk da rauninsa, kowace rakoda na karanta shi. Amma da aka shiga ƙarnin nan, masu aikin rediyo da dama sun koma ga ƙaramin faifan MiniDisc na kamfanin Sony, mai ajiye sauti da wani tsari na kamfanin kansa. Manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ta tsaya a zamanin tsohuwar Windows. Sony ya daina ƙera na'urorin a 2013, ya daina ƙera fayafayan a 2025. Wanda ke da kwali cike da irin waɗannan fayafai yana tsere ne da ranar da rakodarsa ta ƙarshe za ta mutu.

Kada a ɗauka wannan ciwon talaka ne kaɗai. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan rayuwar Birtaniya daga hannun jama'a, yawancinsu ƴan makaranta, ya zuba a wasu manyan fayafai na zamani, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar Ingila na 1086. Kafin shekara 20 na'urorin karanta fayafayan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002. Littafin 1086 kuwa, wanda aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan ana karanta shi. Haka takardun ajami da ke cikin gafakar malamai a Damagaram: wanda ya iya baƙaƙen zai karanta su ba tare da neman izinin kowa ba. In attajiri irin BBC ya sha da ƙyar, me ake tsammani ga tashar da ke cikin ɗaki biyu a bakin kasuwa? A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da mafi yawan taskarsa a baki take, in aka bar naɗaɗɗun muryoyinsa suka kulle a cikin fayafan da ba mai buɗewa, girmamawar ta tsaya a takarda.

Abin da ƴan rediyon sha'awa suka gane

Ƴan rediyon sha'awa mutane ne da hukuma ke ba lasisi su yi magana da juna ta zangunan da aka keɓe musu, ba don riba ba, sai don koyo da gwaji da taimako. Ƙungiyarsu ta duniya a Paris aka kafa ta a 1925. Kowace ƙasa tana da harafinta na kira: na Nijar da 5U yake farawa, na Najeriya da 5N. Lokacin da guguwar Maria ta katse wayoyi a tsibirin Puerto Rico a 2017, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta nemi a turo mata irin waɗannan mutane hamsin su riƙa isar da saƙonni. Su ma duk katangun da aka lissafa sun ci karo da su, domin a cikinsu akwai mai amfani da rediyon da ya girmi ƴaƴansa. Bambancin shi ne ba su zauna jiran kamfani ba.

Sun rubuta manhajojinsu, suka kuma bar asalin rubutun a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. CHIRP manhaja ce guda da ke saita rediyoyin kamfanoni daban-daban, tana hawa Windows da Linux da Mac. Fldigi tana mai da rubutu sauti a aika shi ta iska. Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar da WSJT a 2001 don kama sigina mai rauni, a 2017 kuma shi da abokin aikinsa suka ƙaro tsarin FT8, duk kyauta kuma a buɗe. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ma takan karye. Lokacin da aka yi ritayar tsohon harshen Python 2 a farkon 2020, tsohuwar CHIRP ta shiga matsala a sababbin kwamfutoci. Amma da yake asalin rubutun yana hannun jama'a, masu sa kai suka sake gina ta a kan Python 3, aikin ya ci gaba. Ga ma'aunin da ya kamata a riƙe: in manhaja ta karye, wa ke da ikon ɗora ta? Ta kamfani in ta karye sai jana'iza, buɗaɗɗiya kuwa tana da maɗora.

Irin wannan hali ne ya haifar da DOSBox, wadda ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, da Wine, wadda ke gudanar da manhajojin Windows a kan Linux, da Audacity, manhajar tace sauti da ake rabawa kyauta tun shekarar 2000. Hatta fayafan MiniDisc, masu sa kai ne suka tono hanyar da sabuwar kwamfuta za ta yi magana da na'urorinsu bayan mai su ya juya baya. Duk waɗannan ba su bukatar ko dala.

Amsa ga masu ja

Za a ce tsohuwar uwar manhaja hatsari ce. Gaskiya ne. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba. Ba wanda ke cewa a bar XP a kan intanet. Amma kwamfutar da aikinta saita na'ura ko kwafe tsohon faifai ne ba ta da bukatar intanet. A cire mata waya, a hana soka mata kowane makullin USB, ta yi aikin kwashe ajiya har a gama. Da tsohuwar zuma ake magani.

Za a ce kamfani ba zai iya renon kaya har abada ba. Wannan ma gaskiya ne. To, in ya gaji da reno, ya saki asalin rubutun da bayanin tsarin, wasu su ɗauka. Wanda ya ce ya bar gona amma ya tafi da takardar gonar, ya kuma dasa ƙaya a hanyar shiga, bai bar ta ba.

Za a ce wayar hannu ta maye gurbin rediyo. Mai wannan magana ya manta cewa saƙon WhatsApp kuɗin intanet yake ci, kuma yana bukatar caji da sabis. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, an ga yadda abin da ya dogara da wayar wani ke iya tsayawa dare ɗaya. Ƙaramar tasha mai faifan hasken rana da rediyon batir biyu ba su san an yi ba. Ita kanta wayar, sau da yawa FM ake saurare da ita.

Za a ce babu ƙwararru a karkara. Wannan ita ce mafi raunin hujjojin, kuma akwai raini a cikinta. Samarin da ke kwance wayar hannu su sauya mata gilashi da manhaja a rumfunan Magarya da Maigatari, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, ba a jami'a suka koya ba. Wanda ya iya wannan zai iya ɗora Linux a tsohuwar kwamfuta cikin yini guda in an nuna masa. Abin da ake yi shi ne a kira horon kwana uku a otal, a koya wa mutum inda zai danna, a ba shi kuɗin zama da takardar shaida, a sallame shi. An koya masa tuƙi, an hana shi buɗe inji.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kwamitin kowace tasha da magajin garin da ke sa hannu su daina karɓar kaya sai an gwada su tare da na da, a gaban ma'aikacin tashar, kafin a ɗauki hoto. In sabuwar kwamfuta ba ta magana da katin sauti da na'urar saiti, mai kyautar ya kawo mahaɗa da tafinta, ko ya koma da abinsa. Na biyu, kowane aikin agaji ya ware kaso na kuɗinsa don kwashe tsohuwar ajiya zuwa tsarin da ba na kowa ba, kamar WAV ko FLAC, a yi kwafi biyu, ɗaya a tasha, ɗaya a wani gari, tare da rajistar da ke faɗin wa ya yi magana, a ina, a wace shekara. Yamai na da cibiyoyin da aikinsu ke nan, IRSH da CELHTO, kuma Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta fi kusa. Na uku, kada a zubar da tsohuwar kwamfuta ko rakoda sai an tabbatar an kwashe duk abin da ita kaɗai ke iya karantawa. Na huɗu, hukumar ARCEP mai rabon zangunan iska da ma'aikatun ilimi su buɗe wa matasa hanyar lasisin rediyon sha'awa mai sauƙin kuɗi, a kafa kulob a makarantun sakandare na Magarya da Dungas. Yaron da ya ɗaura eriya da hannunsa, ya ji muryar wani daga wata nahiya ta amsa kiransa, ba zai yarda a ce masa na'ura ta mutu ba sai ya buɗe ta ya gani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutocin da ake rabawa yau su ma wa'adinsu na zuwa, kuma waɗanda suka naɗi muryoyin cikin kwalayen nan suna tsufa tare da rakodojinsu. Duk wanda aka miƙo masa akwati, ya yi godiya, sannan ya tambayi mabuɗi. Allah ya sa masu hannu a lamarin su ji.